SHA-KA-FASHE: TUBAN DA BA A YIN SA DA GARAJE



Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san sharuɗɗan tuba: ka bar laifin nan take, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in akwai haƙƙin wani a ciki ka mayar masa. Mai tauye mudu ba a ce masa ya riƙa rage tauyewar kaɗan-kaɗan zuwa bayan Sallah. A'a, yau ɗin nan zai daina. To amma akwai wata mas'ala da in aka ɗauki wannan sharaɗi na farko aka ɗora mata ido rufe, sai a sa baiwar Allah ta zubar da ƙwaya ran Juma'a, kafin wata Juma'ar a kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti. Ita ce mas'alar sha-ka-fashe.

Sunan kansa ya ishi mai hankali. Ƙwayoyi ne da 'yan mata da matan aure suke sha don su yi ƙiba, su ciko, musamman in biki ya matso. Daga nan Ƙofar Kwaya har Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa, da wuya ka sami unguwar da mata ba su san sunan ba. Ana saye a kemis, ana saye wurin dillaliya, masu gyaran amare suna haɗawa, yanzu kuma ga masu talla a TikTok da WhatsApp, su ɗura a kwalba babu suna babu takarda, su ce haɗin gargajiya ne.

Galibi abu biyu ne a ciki. Na farko sayifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne a asali, yana buɗe ciki ya sa barci. Shi ma yana da nasa sharrin, amma ba shi ne darasinmu ba. Na biyu shi ne deksametason, wanda 'yan kemis ke cewa deksa, ko ɗan'uwansa firednisolon. Dangin sitiroid ke nan. A kansu za mu zauna.

Ni ba likita ba ne, Larabci da shari'a na karanta. Amma malamanmu na usulu sun koya mana cewa ba ka hukunta abu sai ka fahimci yadda yake. Wanda zai ba da fatawa a kan ƙwaya bai san abin da take yi a jiki ba, kamar alƙali ne da ya yanke hukunci bai ji ta bakin kowa ba. Saboda haka ku yi haƙuri mu ɗan shiga ajin likitoci tukuna.

Allah Maɗaukaki ya sanya wa jikin ɗan Adam hanya biyu ta aika saƙo. Ɗaya ta jijiyoyi, mai sauri kamar kiran waya: ka taka wuta, kafin ka yi tunani ƙafa ta janye. Ɗayar kuwa ta cikin jini take bi. Akwai wasu 'yan ƙullutai na nama a wurare daban-daban na jiki, suna tatso wasu sinadarai 'yan mitsi-mitsi su zuba cikin jini, jini ya kai su inda aka aike su. Waɗannan sinadarai su ake kira homon. Wani likitan Ingila mai suna Ernest Starling ne ya fara amfani da kalmar a 1905, daga Girkanci, ma'anarta abin da ke zaburarwa. Larabawa kuma suna kiran ƙullutan nan al-gudadus summa'u. Ɗalibi zai ce kurame ke nan, to me ya haɗa su da kurumta? A Larabci ana ce wa dutsen da ba shi da kogo ko kafa asammu. Su ma haka suke, ba su da bututun da suke zubarwa ta ciki kamar na yawu ko na gumi, kai tsaye cikin jini suke juyewa.

Kun san aikinsu ko da ba ku san sunansu ba. Maƙoƙon da muke gani a wuyan wasu, ƙullutun maƙogwaro ne ya kumbura, sau da yawa don rashin sinadarin aidin, shi ya sa ake zuba shi a gishiri. Ciwon suga, homon ɗin insulin ne ya gaza ko jiki ya daina jin maganarsa. Balaga, haila, ɗaukar ciki, zuwan ruwan nono, duk da izinin Allah ta wannan hanya suke tafiya.

Wanda ya shafe mu yau yana zaune a saman ƙoda, dama da hagu, kamar 'yar hula. Adirenal sunansa, kowane ɗaya nauyinsa kamar giram 5. Yana fitar da homon mai suna kotisol. Shi wannan kotisol shi ke riƙe ƙarfin bugun jini kada ya faɗi, shi ke tabbatar da akwai suga a jini lokacin da ba ka ci komai ba, shi ke kwantar da kumburi, kuma in jiki ya shiga tsanani, zazzaɓi ko rauni ko naƙuda ko tiyata, sai a ƙaro shi ninkin-ba-ninkin don mutum ya jure. Yana hauhawa da asuba zuwa safiya, ya sauka ƙasa sosai da tsakar dare. Kuma ba gaban kansa yake yi ba. Akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar wake ba, fituwitari, shi ke aiko masa da umarni. In kotisol ya yi ƙasa a jini, a ce ƙara. In ya yi yawa, a ce tsaya. Awo ne da ma'auni, dare da rana, tun kana cikin mahaifiyarka, ba ka taɓa biyan ko sisi ba. Subhanallah.

To deksa kotisol ne na kanti, wanda aka ƙera, kuma ya fi na jiki ƙarfi kamar sau 25. 'Yar ƙwayar nan ta miligiram 0.5 da ake raina wa, ɗaya zuwa biyu sun riga sun kai abin da jiki ke buƙata a yini guda. Sai ka ji yarinya tana watsa huɗu da safe huɗu da dare.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Wannan magani ni'ima ce. A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar allurar kotison, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da wasu mutum biyu. Lokacin korona, a watan Yunin 2020, binciken Jami'ar Oxford ya nuna deksa ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi. Ana ba masu asma, da masu wasu cututtukan ƙoda da na fata, ana yi wa mai cikin da za ta haihu bakwaini allurarsa don huhun jariri ya yi ƙwari. Wuƙa ce mai kaifi. A hannun mahauci sana'a, a hannun yaro musiba.

Me yake yi wa mai lafiya da ta sha don ƙiba? Da farko ciki ya buɗe, jiki ya riƙe ruwa da gishiri, kumatu su ciko. Mako biyu ƙawaye su fara cewa wance kin yi kyau, me kike ci? A nan tarkon yake. Domin ƙibar sitiroid ba ta zuwa inda ake so. Kitsen fuska yake tafiya ta zama zagaye, ya taru a ƙeya kamar tozo, ya taru a tumbi. Hannuwa da ƙafafu kuwa sirancewa suke yi, domin maganin naman jiki yake narkarwa ya mai da shi suga, kuma naman da ya fi ci shi ne na cinyoyi da mazaunai. Ki duba wannan abu, 'yar'uwa. Wurin da kika sha ƙwayar dominsa, shi take fara cinyewa. Har ta kai mace ba ta iya miƙewa daga zaman tahiya sai ta dafa bango. Likitoci suna kiran wannan kama da sunan Harvey Cushing, likitan da ya yi cikakken bayaninta a 1932.

Abin da ido ba ya gani ya fi yawa. Hawan jini, ciwon suga ga yarinya 'yar shekara 20, fata ta yi laushi ta tsattsage da nankarwa masu faɗi, ƙuraje da gashi a fuska, rauni ya ƙi warkewa, garkuwar jiki ta yi sanyi har tarin tibi da ke kwance ya farka, yanar ido, rashin barci da saurin fushi. Ƙashi ya zaizaye. Wani lokaci kan ƙashin cinya, inda ya shiga ƙugu, jini ya daina isa gare shi ya mutu, sai ɗingishi, sai maganar tiyatar sauya ƙugu da kuɗin da talaka bai taɓa riƙewa ba. Haila ta rikice, ciki ya yi jinkirin zuwa, amaryar da aka ɗura wa ƙwaya don ta burge miji ta koma yawon neman haihuwa, ana zargin kishiya da dangin miji.

Maza kuma kada ku ce wannan karatun mata ne. Haɗin da ake ƙulla wa leburori da dattawa a leda don ciwon jiki da sanyin ƙashi, sau da yawa akwai deksa ko firednisolon a ciki, ga kuma maganin kashe zafi irin su dikulofenak, waɗanda in suka haɗu suke iya huda tumbi. Baba ya ce in bai sha ba ba ya iya zuwa masallaci. Ku dubi fuskarsa da ƙafafunsa.

Yanzu hukunci. Neman ƙiba a kan kansa ba haramun ba ne. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa mahaifiyarta ta so ta ciko kafin ta tare, aka gwada abubuwa ba su karɓe ta ba, sai da aka haɗa mata gurji da ɗanyen dabino, ta yi jiki mai kyau. Ka ga abinci ne. Wadda ta dama kunun gyaɗa, ta sha fura da nono, ta haɗa sabaya da kayan da ta san ko mene ne, ba mai ce mata don me. Amma tun da daɗewa malamai suka lura mata suna wuce iyaka a wannan babi. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira shekara ta 737 bayan Hijira, ya yi kakkausan inkari a littafinsa Al-Madkhal a kan matan zamaninsa da ke shan azumin Ramadan don tsoron kada ƙibarsu ta zube. Ciwon tsoho ne, ƙwayar ce sabuwa.

Wasu malamai suna kafa hujja da ayar canza halittar Allah, ta 119 a Suratun Nisa'i. Ni ban gina magana a kanta ba, don mai gardama zai ce ai mai cin abinci ya yi ƙiba ma ya canza. Hujjar da ba ta da mafita ita ce ta cutarwa. Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Baƙara, ya hana mu kashe kanmu a aya ta 29 ta Nisa'i, ga hadisin hana cuta da cutarwa, na 32 a Arba'una ta Imam Nawawi, wanda 'yan Islamiyya suka haddace. Cutar nan kuwa ba zato ba ce, likitoci ba su yi saɓani a kanta ba. Don haka shan sitiroid don ƙiba haramun ne. Mai sayarwa alhali ya san don me ake saye, abokin tarayya ne. Wadda ke niƙa shi ta zuba a tsumi ta ce itatuwa ne zalla, ta haɗa ha'inci da cutarwa, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Uwar da ke zuba wa ɗiyarta a kunu ba da saninta ba, ta ji tsoron Allah, amana ce aka ba ta.

Kai kuma maigida da kullum bakinka ba ya rabo da gori, ka ce mata sandar rake, ka riƙa nuna mata hotunan matan waya, ka sani da hannunka a ciki dumu-dumu. Haka ka gan ta ka kai sadaki. Da yawan matan nan ba son ƙwaya suke ba, tsoron kishiya ne da tsoron sakin wulaƙanci.

Mu dawo kan tuba, wadda ita ce dalilin rubutun.

Ɗauki misalin gidan da kullum ake aiko musu da dafaffen abinci daga waje, safe da rana da dare. Uwargida za ta daina hura wuta. Wata ɗaya, wata biyu, itace ya ƙare ba a sayo ba, tukwane sun yi ƙura, rumbu ba ko tsaba. Ranar da mai aikowa ya daina ba sanarwa, gidan nan da yunwa za su kwana. Haka adirenal yake. Fituwitari ya ga kotisol ya cika jini, bai san na kanti ba ne, sai ya daina aika umarni. Adirenal ya kwanta barci, har ya motse. Wanda ya sha maganin kullum sama da mako uku zuwa huɗu ya shiga wannan haɗari, kuma farkawar ƙullutun tana iya ɗaukar watanni, wani har shekara. In aka yanke ƙwaya rana ɗaya, ga na kanti babu, ga na jiki babu. Sai kasala mai tsanani, jiri, amai, ciwon ciki, ciwon gaɓoɓi, jini ya faɗi, suga ya faɗi, mutum ya suma. In ba a yi gaggawa ba ana rasa rai. Abin da ya sa wasu ke cewa sun gwada bari sun kasa ke nan, suna zaton raunin imani ne, alhali jikin ne ya rasa abin da yake tsaye a kai.

Shin shari'a ta san irin wannan? Ta sani. Malaman usulu suna da mas'alar mutumin da ya kutsa gonar da ya ƙwace, ya kai tsakiya, sai nadama ta kama shi. Tsayawa a ciki laifi ne. Fita kuma sai ya taka gonar, taku bayan taku. To takun fitar nan zunubi ne ko ɗa'a? Tajuddin Subki ya kawo saɓanin a Jam'ul Jawami'i. Abu Hashim, ɗan Mu'utazila, ya ce fitar ma haramun ce, wato ya rufe wa bawan Allah ƙofa gaba da baya. Jamhur suka ce a'a, mai fita yana mai tuba wajibi yake aikatawa, matuƙar ya bi hanya mafi kusa kuma mafi ƙarancin ɓarna. Lokacin da muke karanta wannan a aji, wasunmu gani suke wasan ƙwaƙwalwa ne kawai na mutanen da. Ga shi yau ta zo har cikin ɗakunan matanmu.

Saboda haka, 'yar'uwa, tubarki tana farawa daga lokacin da kika yi nadama kika ƙudurta fita. Ƙwayoyin da za ki ci gaba da sha bayan nan bisa tsarin likita, yana rage miki su mataki-mataki har adirenal ya farka, takun fita ne daga gona, magani ne, babu zunubi a kansu in sha Allahu. Ƙa'ida ce sananniya cewa ba a gusar da cuta da cutar da ta kai ta ko ta fi ta. Amma sharaɗin hanya mafi kusa yana nan: ba ki ce bari sai bayan bikin wance ba, ba kuma ki zauna ki tsara wa kanki ragin ba, ko ki koma wurin wanda ya sayar miki ya tsara. Gobe da safe ki nufi asibiti. Ga Babban Asibitin Katsina, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, ga Asibitin Turai na mata da yara, ga na Janar Amadi Rimi. Ki tafi da kwalin ko kwalbar a jaka. Ki faɗi gaskiya: guda nawa, sau nawa, tun yaushe. Kunya a nan ba ta cikin kunyar da addini ya yaba. Likitan da kika ɓoye wa zai yi ta neman maleriya da taifod alhali matsalar tana saman ƙoda.

Wadda kuma ta riga ta daina da kanta cikin watannin nan, ko da ta ji garau, ta sanar da likita in za a yi mata tiyata, ko ta zo haihuwa, ko zazzaɓi mai zafi ya kama ta, domin a irin wannan lokaci ne jiki ke neman ƙarin kotisol ya rasa. 'Yan gida, in kun ga wadda kuka san tana sha ta fara amai da jiri tana sulalewa, kada a ce aljanu ne a shimfiɗe ta ana hayaƙi har dare. Ku yi mata addu'a da ruƙya a cikin Keke Napep, kuna hanyar asibiti.

Azumi ma haka. Wadda ke cikin tsarin ragi ta tambayi likita kafin Ramadan ko azumin nafila. In ya ce akwai haɗari, mara lafiya ce, ta sha ta rama. Wanda kuma likita ne ya ɗora shi a kan maganin don asma ko ƙoda ko wani ciwo, wannan rubutu bai ce ka taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Ci gaba da abinka yadda aka tsara maka.

Ina roƙon 'yan'uwana masu hawa mumbari da malamai mata na Islamiyyu da masu wa'azin walima: in kun zo wannan babi, ku tsoratar iyakar iyawarku, amma kada ku rufe da cewa kowa ta je gida ta juye su a masai yau. Ku ce ta kai su wurin likita. Bambancin jimlolin nan biyu rai ne.

Abu ɗaya da ya rage, man bilicin. Da yawansu, musamman 'yan tub ɗin nan da ake matsewa cikin man shafawa, sitiroid ne masu ƙarfi irin su kulobetasol da betametason. Fata tana tsotse su su shiga jini, kuma wadda ta shekara tana shafe jiki duka da su tana iya samun irin waccan matsala ko da ba ta taɓa haɗiyar ƙwaya ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Mafi muni masu shafa wa jarirai don su yi fari, alhali fatar jariri ta fi ta babba saurin tsotsewa, kuma maganin yana tsayar da girman yaro. Ita ma mai man, in ta daɗe a kai, ta ga likita kafin ta yanke.

Masu tambaya a kan jinin da ke rikicewa saboda waɗannan ƙwayoyi, yaushe za a bar salla yaushe za a yi wanka, da hukuncin ƙwayar tsayar da haila don azumi ko Umra, wannan darasi ne mai zaman kansa, sai mun warware maganar kwana 15 da tattara kwanaki a mazhabar Malik. Za mu kawo shi a rubutu na gaba in Allah ya yarda.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya karɓi tubarmu. Wallahu a'alam.